Kwana biyu a Adar: matan Urno sun je buɗe ido

In mace ta ɗaure kaya ta nufi tasha a Urno, tambaya ɗaya ake yi mata: biki ne, rasuwa ce, ko likita za ki? Mu dai bana mun hau mota ba don ko ɗaya ba. Mu goma sha biyu daga ƙungiyarmu muka je Keita, muka kwana biyu, don mu huta mu ga gari.

Ba a yanke maganar cikin sauƙi ba. Da aka fara kawo ta wurin zubi, ma'ajiyarmu ta dafe akwati ta ce: "Kuɗin wanga asusu na bashi ne da taimako. Dala guda ba ta fita don yawo." Gaskiyarta. Sai muka buɗe zubi na daban, dala ashirin kowane sati ga mai son zuwa, tun daga farkon damina har aka gama kaka. Wadda ba ta zuba ba, ba a taɓa mata komai ba. Shawo kan masu gida ya fi tara kuɗin wuya, amma wannan labarin wata rana ne.

Muka bi ta Madawa, muka nufi Buza. Bayan nan ne muka tsaya a fadamar Majiya, inda tun 1975 ƙungiyar CARE da ma'aikatan daji suka fara dasa bedi jeri biyu-biyu don tare iskar da ke kwashe ƙasar gona. Itacen ya girma, mutum na tafiya cikin inuwa kamar a zaure. Shugabarmu ta tuna mana cewa CARE ɗin nan ce ta fara Mata Masu Dubara a Maraɗi a 1991. Ashe asusunmu da bedin nan dangi ne.

Masaukinmu ba otel ba ne. Wata ƙungiyar mata a wani ƙauye kusa da Keita ce ta ba mu ɗakunan ƙasa biyu, an share, an yi sabon daɓe, an shimfiɗa tabarmi, ga randa da ruwan sanyi, ga rumfar kara a ƙofa. Lokacin ɗari ne, sanyin kan dutse kuwa ba irin namu ba ne, amma ɗakin ƙasa ya riƙe ɗumi har asuba. Mun biya abin da muka shirya da su tun kafin mu zo, kuɗin kuma asusunsu ya shiga. Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne safiya. Aka kawo mana kunu da ƙosai muna zaune. Ba daka, ba zuwa rijiya, ba mai kiran "Inna". Wata cikinmu, uwar ƴaƴa bakwai, ta kasa zama, sai da ta ƙwace tsintsiya a hannun ɗiyar gidan.

Da hantsi aka kai mu bayan gari. Duk gefen tudun jeren duwatsu ne, layi bisa layi, da ramukan tare ruwa, itatuwa sun fito a wurin da tsofaffi suka ce da fako ne ƙwal. Aikin da ake kira Furojen Keita ke nan, wanda aka fara a 1984, shekarar yunwar da iyayenmu ke kira El-Buhari, da kuɗin Italiya da hannun hukumar FAO. Maza da yawa sun tafi ci-rani a lokacin, don haka mafi yawan masu aikin mata ne, ladansu kuwa abinci ne daga PAM. Wata dattijuwa da ta yi aikin tana budurwa ita ta yi mana jagora. Ta nuna mana wani jeri ta ce: "Ɗiyana, wanga mu munka ɗauko shi da kai, goyo ga baya." Muka yi shiru. Muna jin labarin Keita a rediyo, amma ba wanda ya taɓa sa mu ɗaga dutsen. Mun gwada ɗaga ɗaya, mu biyu.

Ba ta ɓoye mana ba: wasu jerin sun rushe, ba a gyara ba, tunda abincin aiki ya ƙare. A ganinmu wannan ya fi komai amfani cikin abin da muka gani, don mu ma muna da fako a bayan gonakinmu, kuma kullum jira muke a kawo mana furoje.

Da marece muka sauka garakan albasa a bakin baraji, muka tambayi farashin iri, muka ga yadda suke gina rudun ajiya. Da dare aka yi hirar asusu: tarar latti, da yadda ake bin bashi ba a ɓata zumunta ba.

A hanyar dawowa muka sayi kilishin Madawa, tsarabar masu gida. Ma'ajiyarmu, wadda ta zo da mu daga ƙarshe, ta ƙirga abin da ya rage a gaban kowa: jika biyu da ƴan canji. An bar su ajiye, don matan Keita sun ce za su rama ziyara bayan rabon asusu, kuma har yanzu ba mu daidaita kan ɗakin wa za a yi wa daɓe ba.