Barin Nama Bayan Bugun Zuciya

Bugun zuciya yakan zo ne sa'ad da kitse ya toshe jijiyar da ke kai wa zuciya jini. Wanda Allah ya tashi kafaɗunsa, likita yakan ce ya rage nama mai kitse, da man shanu, da gishiri. A birnin Liyon na Faransa an gwada wannan da mutum wajen 600. Rahoton 1999 ya nuna waɗanda suka rage nama suka ƙara kayan lambu ba su cika sake kamuwa ba.

Amma 'yan'uwa, a kula. Tuwo da miyar kuka zalla ba za su riƙe majinyaci ba. Jiki zai rame, ya kasa yaƙi da mura da zazzaɓi. In an bar nama, sai a cike gurbinsa da wake, da gyaɗa, da waken suya, da zogale. Akwai kuma bitamin B12, mai gyara jini, wanda gona ba ta bayarwa. Ana samunsa a nono da ƙwai da kifi, don haka kada a hana shi nono.

Gishiri kada ya kai ƙaramin cokali ɗaya a yini, a lissafa har da dunƙulen miya. Maganin asibiti kuwa, kada a daina sai likita ya ce.