Zamanin Haruna Dula: hirar da ta ƙi ƙarewa a fadojin Tawa

Kowa ya san a Tawa kokowa ce gaba da kowane wasa, tunda a garin nan ne aka fara gasar takobi ta ƙasa a shekara ta 1975. To amma da dare, idan samari suka aza shayi a fada, ko kuma ana fitowa daga gidan kallo a Wadata, Bilbis ko Sabon Gari, maganar ƙwallon ƙafa ce ke cin rabin dare, kuma mafi yawanta ta Turai ce. Masu goyon bayan Manchester United suna nan suna begen Alex Ferguson tun da ya ajiye aiki a 2013. Na Arsenal kuwa ba su gajiya da tuna maka cewa a hannun Arsene Wenger sun gama kakar 2003-2004 ba tare da an doke su ko sau ɗaya a gasar Ingila ba. Sai dai duk ranar da Mena, ƙungiyar ƙasarmu, ta buga wasa aka tashi rai a ɓace, ana ajiye Turawan nan gefe guda, suna ɗaya ne ke dawowa bakin kowa, tun daga masu bugo waya gidan rediyo har zuwa masu kabu-kabu a bakin tasha: Haruna Dula Gabde.

Yaran da aka haifa bayan 2005 sun san sunan, amma da yawansu ba su san dalili ba, don haka bari mu koma baya.

An ba Dula Mena a 2009, lokacin da in an haɗa wata ƙasa da Nijar a rukuni ɗaya, sai ta ɗauka ta riga ta sami maki a aljihu. Alamar farko ta fito a watan Maris na 2010, a share fagen CHAN, wato gasar ƴan wasan da ke bugawa a cikin gida. An haɗa mu da Najeriya. Aka ci su 2 da nema a Yamai, aka je Kano aka tashi ba ci. Ga Ba'adaren da ke da ɗan'uwa a Sakkwato ko yake sayayya a Illela ta bakin iyaka, wannan kaɗai ya ishe shi abin tsokana na shekara guda. A ƙarshen shekarar Mena ta ɗauki kofin ƙasashen UEMOA a Yamai, a farkon 2011 kuma ta je CHAN ɗin a Sudan ta kai zagayen kwata fainal, inda masu masaukin baƙi suka fitar da ita da bugun daga kai sai mai tsaron gida.

Amma abin da ya kafa sunan Dula shi ne share fagen gasar cin kofin Afirka ta 2012. Rukuninmu ya ƙunshi Masar, Afirka ta Kudu da Saliyo. Masar ɗin nan ta Hasan Shahata ce, wadda ta ɗauki kofin sau uku a jere, 2006, 2008 da 2010. Afirka ta Kudu kuwa ba ta daɗe da sallamar baƙin gasar cin kofin duniya ba. A wasan farko, a watan Satumba na 2010, ta ci mu 2 da nema a gidanta, ba wanda ya yi mamaki. Ran 10 ga watan Oktoba sai ga Masar a filin wasa na Janar Saini Kunce. Musa Ma'azu, wanda ya taso daga AS FAN kuma a lokacin yake bugawa a Bordo ta Faransa, ya jefa ƙwallo ɗaya kafin hutun rabin lokaci, Kasali Dauda da ƴan bayansa suka rufe gida har alƙali ya hura tashi. Duk wanda ya kai shekara talatin a Tawa zai iya gaya maka inda yake zaune a wannan yammacin, da rediyon wane ne aka kewaye.

A watan Maris na 2011 aka ci Saliyo 3 da 1 a Yamai, a Yuni ta rama da 1 da nema a Firitawun. A Satumba Afirka ta Kudu ta zo ta sha kashi 2 da 1, Kofi Ɗan Kowa da Ma'azu suka ci mana.

Ya kamata a tuna irin shekarun da wannan ya faɗo a ciki, domin daɗin abinci yana tare da yunwar mai ci. A watan Fabrairu na 2010 sojoji suka kifar da gwamnatin Tanja Mamadu. A wannan shekarar aka yi ƙarancin cimaka mai tsanani, rumbuna suka ƙare tun kafin bazara, dabbobi suka mutu a arewa. Adar ƙasar ƴan bida ce, akwai ƙauyuka a wajen Barmu, Kalfu, Afala da Bambai da in rani ya yi ba ka tarar da kowa sai tsofaffi da mata da yara, abin da ake aikowa daga Abijan da Libiya shi ke riƙe gida. Sai ga shi a 2011 hanyoyin biyu sun toshe kusan lokaci guda: rikicin bayan zaɓe a Kodibuwa, da yaƙin da ya ci Gaddafi. Samari suka dinga dawowa ta Agadas hannu rabbana, suka zauna a gida ba aiki ba jari. Mutumin da ya saba ji ana kiran sunan ƙasarsa a gidajen rediyon waje sai in za a yi maganar yunwa ko juyin mulki, shi ne ya wayi gari ya ji ana cewa Nijar ta doke zakarun Afirka. Ni a ganina rabin begen da ake wa zamanin Dula daga nan ya samo tushe.

Daren 8 ga watan Oktoba na 2011 shi ne wanda aka fi jin daɗin ba da labarinsa. Mena ta je Alƙahira wasan ƙarshe, Masar da ta riga ta fita ta zuba matasanta, amma duk da haka suka ɗura mana 3 da nema. Mutane suka fara kashe rediyo. A can Nelsfurit, Afirka ta Kudu na wasa da Saliyo, kuma da labari ya iske su cewa ana cin Nijar, sai suka koma cin lokaci don a tashi canjaras, mai tsaron gidansu na kwanciya yana tashi. Aka tashi ba ci, ƴan wasansu suka zagaya fili suna rawa a gaban jama'arsu. A lissafinsu, ƙasashe uku na da maki 9 kowace, su kuma sun fi kowa rarar ƙwallaye. Abin da ba su karanta ba shi ne dokar gasar ta CAF: idan maki ya zo ɗaya, wasannin da ƙasashen suka yi tsakaninsu ake fara dubawa. Da aka cire wasannin Masar, Nijar na da maki 6, Afirka ta Kudu 5, Saliyo 5. Mai horas da su, Pitso Mosimane, daga baya ya amsa cewa canjaras ɗin ya nema da gangan. Su suna rawa, mu muna jimami, ashe mu ne muka wuce. Kafin a yi sallar isha'i labari ya juye, babura suka cika titunan Tawa da oda.

Bayan wata biyu, a bikin CAF na watan Disamba a Akara, ranar da aka ba Yaya Ture kyautar gwarzon ɗan wasan Afirka, aka kira Haruna Dula a matsayin gwarzon mai horaswa na nahiyar.

To, a nan ne nake rabuwa da wasu abokan hira. Masu bege sukan ba da labarin kamar Mena ta wancan lokaci ba ta da tsara, alhali lissafi bai ce haka ba. Wasa shida aka yi: uku a gida, an ci duka, uku a waje, an sha kashi duka, kuma ko ƙwallo ɗaya ba mu jefa a ragar kowa a waje ba. Mun ci 6, an ci mu 8. Ƙarfin ƙungiyar yana Yamai ne, cikin zafin la'asar, da fili cike maƙil, da baƙi da numfashinsu ke ƙarewa tun kafin a dawo hutu. Wannan ba ya rage wa Dula komai. Gane abin da kake da shi da yin aiki da shi ai shi ne aikin mai horaswa. Ya san ba shi da taurari goma, sai ya tsare baya da ƙarfi, ya bar wa Ma'azu gudu, ya riƙe yara irin su Idrisa Lawali, Muhammad Cikoto, Karim Lansina, Isufu Dante da Kamilu Dauda wuri ɗaya har suka san juna kamar ƴan ɗaki guda. Amma wanda ya ce a lokacin muna taka leda irin ta Barcelona, to shayi ne ya yi masa yawa.

Abin da ya fi tsaya wa mutane a rai kuwa shi ne abin da ya faru a Gabon. Kafin a tafi gasar, hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, FENIFOOT, ta ɗauko Bafaranshe Rolland Courbis, tsohon mai horas da Bordo da Marsai, aka ce zai zama mai ba da shawara. Ran 23 ga watan Janairu na 2012, a Liburabil, Gabon mai masaukin baƙi ta ci mu 2 da nema, Aubameyang na cikin waɗanda suka ci. Wasa ɗaya ke nan, kuma wasanmu na farko a tarihin gasar, gaban jama'ar mai gida. Sai aka ture Dula gefe, ragama ta koma hannun mai ba da shawara. Mutumin da Afirka ta karrama wata guda da ya wuce ya koma ɗan rakiya a ƙungiyar da ya kawo da hannunsa.

Masu kare wannan mataki suna da hujjarsu, kuma adalci ne a faɗe ta: a wasa na biyu da Tunisiya Mena ta fi kyan gani nesa ba kusa ba. Wiliyam Ngunu ya ci mana ƙwallonmu ta farko a gasar, aka yi ta kai ruwa rana 1 da 1 har dab da tashi, kafin Isam Jema'a ya karya mana zuciya. Maroko ma da ƙyar ta ci 1 da nema. Amma sakamako dai bai canza ba, wasa uku, ba maki ko ɗaya. Courbis bai kai ƙarshen shekarar ba ya kama gabansa. Wanda aka kawo bayansa shi ne Gernot Rohr, wato mutumin da ya jagoranci Gabon ta ci mu a Liburabil. Rohr ya yi nasa ƙoƙari, ya fitar da Gine a watan Oktoba na 2012, an ci mu 1 da nema a Konakiri muka rama da 2 da nema a Yamai, ya kai mu gasar 2013 a Afirka ta Kudu inda muka sami makinmu na farko da canjaras da Kwango Kinshasa. Sai dai ƴan wasan kusan duk na Dula ne, kuma nasarar a filin nan na Yamai aka sake samo ta. Shi ya sa a fada ba ka cika jin ana cewa zamanin Rohr ba.

Ban yarda da masu mayar da maganar ta zama ta baƙi da fari kawai ba. Akwai baƙon da ya yi mana aiki, akwai ɗan gida da ya kasa. Abin da ke ci wa mutane tuwo a ƙwarya shi ne bambancin haƙuri: baƙo a ba shi albashi mai tsoka da shekaru, ɗan gida kuwa kuskuren yini ɗaya ya ishe a manta da aikinsa na shekara uku. Duk malamin makaranta ko ma'aikacin asibiti da ya taɓa ganin an kawo wani daga sama an aza masa a kai ya san wannan ciwo, wataƙila shi ya sa labarin ya wuce masu kallon ƙwallo.

Dula bai ɓace ba. A CHAN da aka yi a Aljeriya a farkon 2023 shi ne ya sake jan ƴan wasan gida, suka ci Kamaru 1 da nema, suka fitar da Gana 2 da nema, suka kai kusa da ƙarshe, matakin da Nijar ba ta taɓa takawa ba. A nan Aljeriya ta yi mana ruwan ƙwallaye 5 da nema a Oran, Madagaska kuma ta karɓe matsayi na uku. Tun daga lokacin gardamar ta rabu biyu a fadoji: manya na cewa ga shi ya sake nunawa, yara kuma biyar ɗin nan kawai suke tunawa.

Babbar gasar kuwa, tun 2013 ba mu sake leƙa ta ba. An yi ta 2015, 2017, 2019, 2021, 2023 da 2025 duk ba mu, alhali tun 2019 ƙasashe 24 ke zuwa, ba 16 ba kamar lokacin da Dula ya kai mu. An kusa a 2024 a hannun Badu Zaki ɗan Maroko: a watan Nuwamba Mena ta ci Sudan 4 da nema, ta je har Akara ta ci Gana 2 da 1, abin da ƙungiyar 2011 ba ta taɓa yi a waje ba, amma ta ƙare da maki 7, Sudan na da 8. Masu neman wanda za su aza wa laifi su duba inda aka buga wasanninmu na gida a wannan zagaye. CAF ba ta amince da filin Janar Saini Kunce ba, saboda haka Gana a Barkan ta ƙasar Maroko muka karɓe ta aka tashi 1 da 1, Sudan kuma a Lome. A 2010 da 2011, saurayi na iya shiga motar safe daga Tawa, ya bi ta Ƙonni, Dogon Dutsi da Doso, ya yi kilomita ɗari biyar da wani abu, ya kwana wajen ɗan'uwa a Yamai, washegari ya ƙara muryarsa a kan ta dubban mutanen da suka rikita Masar da Afirka ta Kudu. A 2024 kuwa, wasan gida ma sai dai ya biya kuɗin shiga gidan kallo ya gan shi a telbijin, kujerun filin ba kowa.