Amfanin Mitar Awon Ƙarfin Wuta ga Injinan Gona

Ya kai manomi, idan kana amfani da famfon rijiyar burtsatse, ko injin casar shinkafa, ko injin niƙa mai aiki da lantarki, to ka sani ɗauke wuta aiki kawai yake tsayarwa, amma wuta mara ƙarfi ƙona inji take yi. Ido ba ya gane ta, domin ƙwan fitila irin na yanzu yakan haska tas ko da ƙarfin ya ragu ƙwarai. Saboda haka ne ake shawartarka da ka sa mitar awon ƙarfin wuta a jikin akwatin makunnin injinka.

Wannan mita ƙaramar na'ura ce da ke nuna ƙarfin wuta da lambobi masu haske. An fi samun ta a girman milimita 72 ko 96 a kowane gefe. Ta fi mai allura sauƙin karatu, ko yaron da ke jiran inji zai iya duba ta. A tabbatar an sayi mai alamar AC, wato ta wutar gari da ta janareta. Mai alamar DC ta batir ce da farantin sola.

Lambobin da za ka riƙe

Ma'aunin wutar gida a Nijeriya bolt 230 ne, na layi uku kuma bolt 400. Yawancin injina an ƙera su ne su jure ragi ko ƙarin kashi 10 cikin ɗari, wato daga 207 zuwa 253 a wutar gida, daga 360 zuwa 440 a layi uku. In lamba ta fita daga wannan iyaka, a kashe inji.

Dalili kuwa shi ne, idan ƙarfin wuta ya ragu, nauyin ruwan da famfo ke turawa bai ragu ba. Sai injin ya riƙa zuƙar wuta fiye da ƙima, kwayil ɗinsa ya ɗau zafi. Masana sun ƙiyasta cewa duk ƙarin zafi na digiri 10 yana rage rabin rayuwar rufin wayar kwayil. Injin ba zai mutu ran nan ba, sai wata rana a tsakiyar noman rani, lokacin da tumatir ke fure, ga kuɗin ciro famfo daga rijiya, ga na naɗin kwayil.

Yadda ake karanta ta

A nan ne mutane da yawa ke kuskure. Sukan duba mita kafin su tada inji, su ga 230, su kama gabansu. Awon gaskiya shi ne wanda aka yi inji na cikin aiki. Faɗuwar lamba ta ɗan lokaci yayin tadawa ba laifi ba ce. Amma idan ta sauka ta zauna a ƙasa, to ko waya ta yi siriri ga nisan da aka ja ta, ko mahaɗa ta saki, ko janareta ya yi wa injin kaɗan. Don haka a kafa mitar kusa da inji, kada a sa ta can gindin janareta.

Mai layi uku ya auna dukkan layukan, da mita uku ko da makunnin zaɓi. Misali, in ka sami 400 da 396 da 380, matsakaicinsu 392 ne, layi mafi nisa ya kauce da 12, wato kimanin kashi 3 cikin ɗari. Wannan ya isa a kira mai gyara. In ya kai kashi 5, kada a bar injin ya ci gaba da aiki.

Haɗa mitar aikin ƙwararren mai gyaran wuta ne, kuma ya sa mata ƙaramin fiyus, ya kare ta daga ruwan sama da ƙurar niƙa. Malaman gona kuma su koya wa ƙungiyoyin manoma rubuta awon safe da na yamma a littafi, domin da yamma ne, sa'ad da kowa ya kunna kayansa, wutar gari ta fi raguwa.