Kayan Wasan Yara: Ina Ya Kamata A Ajiye Su?

A unguwar Sabon Gari ta birnin Maraɗi, da Tsibiri, da Jiratawa, da wuya a shiga gidan da babu kayan wasan yara. Akwai na gida, kamar motar kara da motar waya da ƴar tsana da ƴan tukwanen laka. Akwai kuma na kasuwa, wato na roba masu fito da masu walƙiya, waɗanda ake kawowa daga ƙasar Sin, iyaye suna saye musamman lokacin salla. Idan magariba ta yi, uwa takan tattara su ta zuba cikin duk abin da ya zo hannunta: tsohon akwati, ko bokiti, ko leda, ko jarkar da aka yanke. Sau da yawa wannan mazubin ya fi abin wasan kansa haɗari. Yaro mai rarrafe ko mai tatata ba ya tsayawa ga abin da aka ba shi. Mazubin ma abin wasa ne a wurinsa: zai buɗe, ya zura kai, ya hau, ya shiga ciki, ya kai baki.

Akwati mai murfi da tsohon firiji

Akwatin ƙarfe da na katako suna da amfani wajen adana tufafi, amma ba su dace da kayan wasa ba. Yaro ɗan shekara 1 ko 2 yakan ɗaga murfin da ƙyar, ya kifa wuyansa bisa bakin akwatin yana laluben abin da yake so. In murfin ya kuɓuce, sai ya faɗo masa bisa yatsu, ko bisa kai, ko ya danne masa maƙogwaro. Wanda ya ɗan girma kuwa yakan shiga ciki wajen wasan ɓuya. In murfi ya rufe, iska ba ta shiga, kukansa kuma ba ya fita sosai. A zafin watan Afrilu da Mayu na jihar Maraɗi, yaron da ya maƙale cikin akwatin ƙarfe ba ya daɗewa.

Wannan masifa ta taɓa ƙasashen da suka riga sabawa da irin waɗannan kaya. A Amurka, yara da dama sun mutu cikin tsofaffin firiji masu sakata, har a shekarar 1956 gwamnati ta yi doka cewa dole a ƙera ƙofar firiji yadda za a iya turo ta daga ciki. A shekarar 1996 kuma kamfanin Lane na can ya yi shela game da akwatunan katako miliyan 12 da ya sayar, waɗanda murfinsu yake kulle kansa, bayan yara sun shaƙe a ciki. Saboda haka duk gidan da yake da mataccen firiji a tsakar gida, a cire masa ƙofa. Akwatin da dole ne ya zauna a ɗaki, a sa masa kwaɗo, mabuɗin yana hannun babba.

Kabad ɗin jere ma haka. Idan aka ɗora abin wasa a samansa yaro yana gani, zai taka ya hau, kabad ya kife masa da kwanoninsa duka. A shekarar 2016 kamfanin IKEA ya janye durowoyi miliyan 29 a Amurka saboda sun faɗa kan yara har wasu sun rasu. Kafinta yana iya ɗaure kabad da bango, aikin ba ya da tsada.

Mazubin da ya taɓa cin guba

A Jiratawa da sauran garuruwan bakin Gulbin Maraɗi, inda ake noman rani na zogale da tumatir da albasa, ana amfani da maganin ƙwari da yawa. Bayan feshi, galan da kwalabe sukan biyo manomi gida. A cikin birni kuwa akwai jarkoki da kwalaben fetur da na kananzir. Wasu sukan wanke su, su yanke baki, su mai da su mazubi. Amma roba tana shan magani, wanki da sabulu ba ya fid da shi duka. Abin wasan da ya kwana a ciki, da safe yana bakin jinjiri. Shawarar masana aikin gona ita ce a ɗauraye galan ɗin sau 3 can a gona, a zuba ruwan cikin famfon feshi, a huda galan ɗin don kada wani ya sake amfani da shi. Buhun taki da buhun da aka adana wake da magani, su ma ba na kayan yara ba ne.

Bokiti da leda

Bokiti yana da nasa sharri. Yau an zuba kayan wasa a ciki, gobe an cika shi da ruwan wanki. Yaron da ya saba samun motarsa a nan zai je ya leƙa. Kan yaro ƙarami yana da nauyi idan aka kwatanta da girman jikinsa, in ya rinjaye shi ya faɗa ta ka, ba ya iya fitowa, kuma ruwa kaɗan ya isa ya kashe shi cikin ƴan mintoci ba tare da an ji motsi ba. Leda kuwa in yaro ya sa a ka, tana manne wa hanci da baki. Jaka mai dogon zare ko igiya tana iya naɗe wuya.

Abin da ya dace

Mazubi mai kyau yana nan cikin kayan gargajiya, a kasuwar Maraɗi da kasuwannin ƙauye, da kuɗi kaɗan. Kwandon kaba, ko masaki, ko faffaɗar roba sabuwa marar zurfi, duk sun isa. Sharuɗɗan su ne: ya zama marar murfi, marar nauyi, marar kaifi, gajere yadda yaro zai ɗauki abinsa yana zaune. In ana son rufewa saboda ƙurar hunturu, a ɗora faifai ko ƙyalle. Adudu ma ya yi, tun da murfinsa ba ya da nauyi kuma iska tana ratsa shi. A ajiye shi a ƙasa, a wuri mai haske, nesa da murhu da randa da bakin rijiya. Kowace safiya a zazzage shi kafin yaro ya sa hannu, don kunama tana son kwana cikin irin wannan wuri. Kayan roba a riƙa wanke su da ruwa da sabulu ana shanyawa a rana, domin hannu da baki su ne hanyar zawo.

A raba na yaya da na ƙane

Binciken lafiyar jama'a na shekarar 2012 ya nuna cewa a Nijar mace takan haifi ƴaƴa fiye da 7. Ke nan a yawancin gidaje mai rarrafe yana wasa tare da ƴan shekara 6 ko 8, kayansu a haɗe. Duwatsun carafke, da murafun kwalba, da ƙafafun ƴar mota, da tsakiya, da fasasshen balan-balan, duk suna iya toshe maƙogwaron ƙaramin. A Turai da Amurka ana gwada kayan yaran da ba su kai shekara 3 ba da wani bututu mai faɗin santimita 3 da ɗan abu. Duk abin da ya shige ciki an hana shi. Ƙwandalar dala 100 ma tana shigewa. Uwa tana iya haɗa babban yatsa da manuni ta yi zobe ta gwada. Abin da ya wuce ta ciki, da motar gwangwani mai kaifi, a zuba su cikin ƙwarya dabam a rataye bisa ragaya.

Ƙaramin batir mai kama da maɓalli, wanda yake cikin kayan wasa masu walƙiya, shi ya fi komai muni. In ya maƙale a maƙoshi yana iya ƙone shi cikin awa 2. Abin wasan da murfin batirinsa ba ya da kusa mai ɗaurewa, kada ya shiga kwandon ƙaramin yaro.

In tsautsayi ya auku

Yaron da ya haɗiye batir, ko ya sha kananzir ko fetur ko maganin ƙwari, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa nono ko mai. A ɗauke shi nan take zuwa likita mafi kusa, a tafi da kwalbar ko abin wasan don ma'aikatan lafiya su gani, ko da yaron yana ta wasansa kamar babu komai.

Ana kira ga masu unguwanni da ungozomai da ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, waɗanda suka samo asali a jihar Maraɗi a shekarar 1991, da su kai wannan magana wurin taro da gidajen suna. Magidanta kuma kowa ya zagaya gidansa ya duba. Rigakafi ya fi magani.