Gwajin Trovan a Kano: Me ya sa yardar iyaye ta zama sharaɗi?

A 1996, lokacin da annobar sanƙarau ta kashe fiye da mutum 10,000 a Najeriya, kamfanin Pfizer na Amurka ya gwada sabon maganinsa, Trovan, a Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa da ke Kano. Yara kusan 200 aka saka a gwajin: rabi aka ba su Trovan, rabi kuma ceftriaxone. Yara 11 sun rasu, wasu kuma suka nakasa.

Iyaye da dama sun ce ba a sanar da su cewa gwaji ake yi ba. Kamfanin ya musanta, yana cewa an nemi yardarsu da baki, kuma cutar ce ta yi kisan. A 2009 ya sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75, ba tare da amsa laifi ba.

Tun kafin wannan, duniya ta shimfiɗa ƙa'ida. Dokar Nuremberg ta 1947, wadda ta biyo bayan ta'asar likitocin Nazi a Jamus, da Sanarwar Helsinki ta 1964, sun haramta gwaji a kan mutum sai da yardarsa, bayan an fahimtar da shi haɗarin. Koyarwar Cocin Katolika ma ta tafi a kan haka, har ta ƙara da cewa ko mutum ya yarda, bai halatta a jefa rayuwarsa cikin haɗarin da ya wuce kima ba.

Wannan ba baƙon zance ba ne a birnin Kano. A Madabo, unguwar da aka shafe ɗaruruwan shekaru ana karantar da fiƙihun Malikiyya, ɗalibi ya san cewa Shari'a ta hana cutarwa, kuma ba a zartar da al'amarin yaro sai da izinin waliyyinsa.

Rashin amana ya yi tsada. A 2003, da Kano ta dakatar da rigakafin shan inna, batun Trovan na cikin hujjojin da mutane suka riƙa kawowa, cutar kuma ta bazu zuwa wasu ƙasashe.

A 2007 Najeriya ta fitar da kundin ƙa'idojin binciken lafiya, wanda ya wajabta amincewar kwamitin ɗa'a kafin kowane gwaji. Sai dai takardar Turanci da uwa ta dangwala wa yatsa ba ta isa yarda ba, matuƙar ba a yi mata bayani da Hausa ba, aka kuma tabbatar mata cewa ko ta ƙi, za a yi wa ɗanta magani.