Gargaɗi ga masu ajiyar bayanai a Imanan da Filinge

Wannan kira ne na gaggawa ga duk mai riƙe da rajistar jama'a a kwamfuta, daga Bonkuku zuwa Filinge da sauran ƙasar Kurfai: sakatarorin ma'aikatar magajin gari, masu kula da rajistar gidan likita, har da ma'ajin ƙungiyoyin manoman dankalin turawa. In kun ba wani kamfani a Yamai ko ƙetare amanar bayananku, kuma da OpenStack yake aiki, kada ku kwana ba ku buga masa waya ba.

OpenStack manhaja ce ta kowa da kowa, wadda NASA da kamfanin Rackspace suka assasa a 2010, kuma duk wata shida ake fitar da sabon zubi. Sashenta mai kula da ma'ajiya, Cinder, ba ya iya magana da na'urar ajiya sai ta bakin wata ƙaramar manhaja, direba. Sharaɗi shi ne kamfanin da ya ƙera na'urar ya riƙa gwada direbansa a kan kowane gyara da aka kawo, yana sanar da sakamako. Tun daga zubin Newton na 2016, wanda ya yi sakaci da gwajin nan sai a yi wa direbansa tambarin "ba mai kula da shi".

Nan hatsarin yake. Ranar da aka sabunta manhaja, direba mai tambari ba zai tashi ba. Bayanan suna nan kwance a faifai, amma buɗe sabon wurin ajiya ko haɗa tsohon da kwamfuta ya gagara, tamkar rumbu cike da gero amma an ɗauke tsani. Sai ma'aikaci ya buɗe fayil ɗin cinder.conf, ya rubuta enable_unsupported_driver = true, aiki ya ci gaba. Da yawa nan suke tsayawa, su yi gum. A ganina wannan cin amana ne, domin layin nan bai gyara komai ba. Wanda ya rubuta shi ya amince ne kawai zai yi aiki da abin da ba wanda ke gwadawa.

A da, cire irin wannan direba ake yi a zubi na gaba. Daga baya aka sassauta, ana barinsa har ranar da ya kawo cikas, sannan a fitar da shi. Kada sassaucin ya ruɗe ku.

Ku tambayi kamfanin da ke riƙe da bayananku sunan na'urarsa da direbanta, da ko an kunna layin nan. Ku nemi amsa a rubuce, tare da ranar da zai kwashe bayananku zuwa na'urar da ake kula da ita. Kafin duk wani sabuntawa, a kwafe rajistar a faifan da zai zauna a hannunku, a buɗe shi a gabanku ku tabbatar yana karantuwa. Littattafan rajista na takarda kuma a adana su inda ruwa da gara ba za su kai ba.