Fartanya Da Tsimi: Abin Da Ya Riƙe Nijeriya A Yaƙin Basasa

Duk wanda ya taɓa riƙe littafin kuɗi a ofis ya san rigimar shugabanni ba ta tsayawa a zauren majalisa. Ba ta daɗewa sai ta gangaro kasuwa, ta shiga tashar jirgi, ta iske manomi a gindin sikeli. Abin da ya sami Nijeriya daga 1966 zuwa 1970 ya isa misali, ya kuma kamata malaman makaranta da akawuna su san shi filla-filla, don galibi labarin harbe-harbe a ke bayarwa, a bar labarin yadda aka yi baitulmali bai rushe ba.

Sa'ad da muka sami mulkin kai a 1960, arzikin ƙasar nan a gona ya ke. Jihar Arewa na da gyaɗa da auduga da fatu, ga kuma kuza a ƙasar Jos. Jihar Yamma na da koko, Jihar Gabas na da manja da kwal. Kowace Jiha tana da hukumar ciniki tata, wadda ke yanka farashi a farkon kaka, ta sayi amfanin gona ta hannun wakilanta, ta sayar a ƙasashen waje, rarar kuwa ta shiga ayyukan gwamnati. Man fetur a lokacin yaro ne, don sai a 1956 aka same shi a Oloibiri, aka fara fitar da shi a 1958.

To, ran 15 ga Janairu 1966 waɗansu hafsoshi suka kashe Sardaunan Sakkwato da Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa da waɗansu manya, har da Ministan Kuɗi, Okotie-Eboh. A watan Yuli aka sake juyin mulki. A cikin shekarar aka kashe mutanen Gabas masu yawa a garuruwan Arewa, sauran suka kwashe nasu ya nasu suka koma gida. Wannan ta'asa, ban da alhakin rayuka, ta karya harkar ciniki nan take, sabo da cikin waɗanda suka tafi akwai direbobin jirgin ƙasa, da makanikai, da ma'aikatan gidan waya, da akawunan kamfanoni. Gyaɗa ta taru dala-dala a Kano, masu jan ta zuwa bakin teku sun yi ƙaranci.

Ran 27 ga Mayu 1967 Gowon ya raba ƙasa jihohi 12, bayan kwana uku Ojukwu ya ce Gabas ta ɓalle, a watan Yuli yaƙi ya ɓarke. Hanyar jirgi ta Fatakwal ta toshe, duk kayan Arewa suka koma bin Ikko. Kwal ɗin Inugu da injinan jirgi ke ci ya yanke. Matatar mai ta Fatakwal ta tsaya. Ɗanyen mai da a ke haƙowa, wanda ya wuce ganga 400,000 a rana a 1966, bai kai rabin haka ba a 1968. Ga shi kuma kullum a na ƙara ɗaukar soja, kowa sai an ciyar da shi, an ba shi bindiga da albashi.

A nan ne abin lura ya ke. Kwamishinan Kuɗi na Tarayya, Cif Obafemi Awolowo, da ma'aikatansa suka bi hanyar da kowane magidanci mai hankali ke bi in shekara ta yi tsanani. Aka hana shigo da kayan ƙawa, aka ƙara kuɗin kwastan, aka sa ido a kan kuɗin ƙasashen waje, aka riƙa yankar wani abu daga albashi a matsayin ajiyar dole. Bashin da gwamnati ta ci, a cikin gida ta ci shi. Da Ingila ta rage darajar fam ɗinta a Nuwamba 1967, Nijeriya ta ƙi bin ta. A Janairu 1968 aka sake takardun kuɗi, waɗanda ke hannun 'yan tawaye suka zama banza. Hana shigo da kaya kuwa ya buɗe wa masaƙun Kaduna da Kano kasuwa, don wanda bai sami yadin Ingila ba dole ya sayi na gida.

Amma kada mu manta wanda ya ɗauki nauyin. Kuɗin waje da aka sayi makamai da su, mafi yawa daga gumin mai gyaɗa da mai koko suka fito, alhali hukumar ciniki ba ta biyansu abin da kayansu ke yi a kasuwar duniya. A Yamma abin ya kai manoman koko suka yi bore a kan haraji a 1968 da 1969, boren da a ke kira Agbekoya. A Gabas kuwa yunwa ta hallaka jama'a ba adadi, yawancinsu yara. Bayan an ajiye makamai ran 15 ga Janairu 1970, mutanen can da suka taɓa ajiyarsu ta banki lokacin yaƙi fam 20 kaɗai aka ba kowa, kome yawan abin da ya ajiye. Har yau ba su manta ba.

Farfaɗowa ta zo da sauri. Gowon ya ce ba wanda ya ci, ba wanda aka ci, aka shiga sulhu da gyara. A 1970 mai ya wuce ganga miliyan 1 a rana, a 1971 muka shiga ƙungiyar OPEC, a 1973 naira ta maye gurbin fam, farashin mai kuma ya ninka wajen sau huɗu cikin 'yan watanni. Sai muka ga hadari muka zubar da ruwan randa. Ƙarin albashin Udoji ya zo, kaya suka yi tsada, samari suka bar ƙauye. A 1975 jiragen siminti suka cika tashar Ikko, suna jiran saukewa wata da watanni. A daidai lokacin fari ya ci Arewa daga 1972 zuwa 1974, cutar gyaɗa ta biyo baya a 1975, dalar gyaɗa ta ɓace daga Kano. Da farashin mai ya faɗi, sai tsuke bakin aljihu a 1982, sai kuma tsarin 1986 wanda ya karya darajar naira ya rushe hukumomin ciniki.

Watau ƙasar da ta yi wata 30 tana yaƙi ba tare da ta nutse cikin bashin waje ba, ita ce ta nutse cikinsa a zamanin yalwa. Fartanya da tsimi suka riƙe mu ran wuya, su muka fara yasarwa ran daɗi.

Saboda haka akawu ya sani kwabon da ya shigar a littafi bisa gaskiya, da shi a ke tsare ƙasa ran da rijiyar mai ta ƙi. Malami kuma, in ya zo koyar da wannan tarihi, ya gaya wa almajiransa abin da korar maƙwabci ta jawo wa mai gyaɗa a Kano, kada kuma ya bari yaro ya fita makaranta yana jin kunyar gonar ubansa. Allah ya zaunar da mu lafiya.